Gidajen sadaka na tsofaffi da gajiyayyu: daga ina suka samo asali, kuma wa aka gina wa su?

A watan Oktoban 2025 ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya ta miƙa babbar kyautarta ta shekara, wato kyautar Stirling, ga wani gini mai suna Appleby Blue da ke unguwar Bermondsey a kudancin Landan. Gida ne da wata gidauniyar sadaka, wadda tushenta ya koma ƙarni na 16, ta gina wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi da suka kai shekara 65. Da zarar irin wannan labari ya fito, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce gidan tsofaffi wuri ne da 'ya'ya marasa albarka ke kai iyayensu su yasar, wasu kuma su ce ai alamar wayewa ke nan, kuma duk ƙasar da ba ta da shi an bar ta a baya. Tambayar da ɓangarorin biyu ke tsallakewa ita ce: wane gida ake nufi, wa ya gina shi, da kuɗin wa yake tafiya, kuma su wane ne suka zauna a cikinsa tsawon shekaru fiye da 1,600 da aka shafe ana gina irinsa?

Gida uku, suna ɗaya

Rikicin ya faro ne daga suna, domin abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba ake haɗa su a kira su gidan tsofaffi. Na farko shi ne gidan sadaka na wakafi, inda wani mai hali ya gina 'yan ɗakuna, ya tsayar da gona ko shaguna ko wata kadara da ribarta za ta riƙa ciyar da ginin har abada, sa'annan ya rubuta sharuɗɗan wanda za a ɗauka. Mazaunin irin wannan gida yana da ɗakinsa da ƙofarsa, kuma a mafi yawan wurare shi ke dafa abincinsa. Na biyu shi ne gidan gajiyayyu na hukuma, wanda ake gudanarwa da kuɗin haraji, inda ake tara tsofaffi da marayu da masu taɓin hankali da mashaya a zaure ɗaya, a ƙarƙashin mai gadi da ƙararrawa. Na uku shi ne gidan jinya na zamani, wanda mutum ko iyalinsa ko inshora ke biyan kuɗinsa, kuma a ƙasashe da dama kamfanoni ne ke da shi don riba. Mummunan sunan da gidan tsofaffi ya yi, mafi yawansa na biyun ne ya jawo shi. Ƙorafin tsada da sakaci da ake ji yau kuwa akasari na ukun ya shafa. Na farkon ya girme su duka, kuma shi aka fi jahilta.

Tushensa a addini

A wajen shekarar 370 wani babban limamin Kirista mai suna Basil ya gina wata unguwa sukutum a wajen garin Kaisariya, inda birnin Kayseri na Turkiyya yake a yau, wadda ta ƙunshi masaukin baƙi, da wurin jinyar kutare, da matsugunin talakawa. Daga baya daular Rumawa ta Gabas ta riƙa ware gidaje na musamman ga tsofaffi kaɗai, da sunansu daban da na marasa lafiya.

A tarihin Musulunci misali na farko yana cikin masallacin Madina, inda aka yi wata rumfa da ake kira Suffa, matsugunin sahabban da ba su da gida ko dangi a garin, waɗanda Abu Huraira na cikin fitattunsu. Abin da ya mayar da irin wannan taimako ya zama tsari mai ɗorewa shi ne wakafi, wanda malamai ke kafa hujjarsa da gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, aka umarce shi ya tsare asalinta, ba sayarwa ba gado, ya riƙa sadaka da amfaninta. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin ci daga baitulmali don kada su yi bara, ya kuma ba makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima. Akwai kuma wani gida a Alkahira da ya cancanci a tsaya a kansa, wato Ribaɗul Bagadadiyya, wanda 'yar Sarki Baibars ta gina a 1285. Kamar yadda masanin tarihin Masar Maƙrizi ya bayyana, matan da aka saka ko waɗanda mazajensu suka gudu suka bar su ne ke zama a ciki, a ƙarƙashin wata malama mai tsananin horo, har sai sun yi wani aure ko sun koma ɗakunansu. Duk wanda ke ganin gidan kula da marasa galihu baƙon abu ne da Turawa suka ƙirƙiro, ya kamata ya san da wannan gida. Haka nan a Istanbul, Sarki Abdulhamid na Biyu ya kafa Darul Ajaza a 1895, da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa duk a harabarsa, kuma har yau yana aiki.

Addu'a a madadin kuɗin haya

A Turai ta tsakiyar zamani, gina wa talaka gida ciniki ne da kowane ɓangare ya san abin da zai samu. Mabiya Katolika sun yi imani cewa akwai wani zango na tsarkakewa tsakanin mutuwa da shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage wa mamaci daɗewa a wurin. Sun kuma yi imani cewa addu'ar talaka ta fi saurin karɓuwa. Saboda haka attajiri ya ba da ɗaki da tufa da abinci, tsoho kuma ya biya da yi masa addu'a kullum har ƙarshen ransa.

Gidan St Cross da ke Winchester a Ingila, wanda babban limamin garin Henry na Blois, jikan Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi, ya kafa tsakanin 1132 da 1136, misali ne da ke tsaye har yanzu. An tanade shi ne don maza 13 waɗanda rauni ya hana su aiki, tare da ciyar da wasu mutum 100 a bakin ƙofa kowace rana. Adadin 13 ya yawaita a irin waɗannan gidaje domin yana nuni ga Annabi Isa da hawariyawansa 12, kuma shi ne adadin da aka ɗauka a gidan Ewelme da aka kafa a 1437. Har yau mazaunan St Cross suna sa doguwar riga, wasu baƙa mai alamar azurfa a ƙirji, wasu ja, kuma duk matafiyin da ya tsaya a ƙofar ya roƙa ana ba shi ɗan gutsuren burodi da ƙaramin kofin giya kamar yadda aka saba tun farko.

Wurin da wannan ciniki ya fi fitowa fili shi ne Fuggerei a birnin Augsburg na Jamus. Jakob Fugger, ɗan kasuwar da dukiyarsa ta kai ga ba da bashin da aka saye ƙuri'un zaɓen Sarki Charles na Biyar a 1519, ya fara ginin a 1516, ya sa hannu a takardar wakafin a 1521. Ƙaramin gari ne a cikin gari, da ganuwarsa da ƙofofinsa da lungunansa da cocinsa, mai gidaje 67 a yau da mazauna kimanin 150. Kuɗin hayar shekara gulda ɗaya ne, wato kuɗin wancan zamani, wanda a lokacin ya kai kamar ladan mako guda na mai sana'ar hannu, kuma da yake ba a taɓa ƙara shi ba, yau ya zama santi 88 na yuro, ban da kuɗin wuta da ɗumama ɗaki da mazauni ke biya daban. Ragowar hayar addu'o'i uku ne a kowace rana ga wanda ya kafa gidan da iyalinsa. Sharuɗɗan shiga su ma suna nan yadda suke: mutum ya kasance ɗan Katolika, mazaunin Augsburg, mabuƙaci, mai mutunci a idon jama'a. Ana rufe ƙofar ganuwa da ƙarfe 10 na dare, wanda ya makara kuma sai ya ba mai gadi 'yan kuɗi kafin a buɗe masa.

Akwai wani ƙaramin abu a Fuggerei da ke nuna tunanin maginan. Kowane gida yana da ƙofarsa da ke fuskantar titi, har na saman bene, ta yadda babu wanda zai ratsa ɗakin wani kafin ya shiga nasa. Gidajen kuma duk kamarsu ɗaya, kuma a wancan zamani babu fitilar titi, don haka aka ƙera marikin igiyar ƙararrawar kowace ƙofa da siffarsa daban, wani mai ganye, wani mai zobe, wani murɗaɗɗe, domin wanda ya dawo cikin duhu ya lalubo ya gane ƙofarsa da tafin hannu. Wanda ya yi wannan tunani ya ɗauki talaka a matsayin mai gida.

Ina danginsu suke?

Nan ne kuskuren fahimta ya fi yawa. Ana zaton cewa a da can Turawa ma suna zaune ne a manyan gidajen gandu, har sai da masana'antu suka zo suka wargaza zumunci. Binciken da masanin tarihi Peter Laslett da abokan aikinsa na jami'ar Kambirij suka yi a kan tsofaffin rajistocin coci ya nuna akasin haka: tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19 matsakaicin gida a Ingila bai kai mutum biyar ba, kuma al'adar ita ce sabbin ma'aurata su ware su kafa nasu gidan. A arewa maso yammacin Turai mace takan kai shekara 25 ba ta yi aure ba, matasa sukan shafe shekaru suna barantaka a gidajen wasu a garuruwa masu nisa, kuma aƙalla mutum ɗaya cikin goma bai taɓa aure ba har ya mutu. In aka haɗa wannan da yawan mace-macen yara da annoba, sai a ga cewa ɗimbin mutane kan tsufa ba su da ɗa ko ɗaya a raye, ko kuma yana raye amma shi ma da ƙyar yake ci da kansa.

Su waɗannan ne suka cika gidajen sadaka: matan da mazajensu suka mutu, da barorin da suka tsufa a gidan ubangida ba su yi aure ba, da matuƙan jirgin ruwa, da tsofaffin sojoji, waɗanda saboda su Sarki Louis na 14 ya ba da umarnin gina gidan Les Invalides a Faris a 1670, Sarki Charles na Biyu kuma ya kafa gidan Chelsea a Landan a 1682. A Holan aka fi ƙware a wannan fanni, da ƙananan gidaje da ake kira hofje, jerin ɗakuna kewaye da lambu da famfo a tsakiya, da ƙofa guda ta shiga daga titi. Birnin Leiden kaɗai yana da kimanin 35. Mafi tsufa da ya rage shi ne na Bakenes a Haarlem, wanda aka kafa a 1395, kuma a saman ƙofarsa an sassaƙa wani kacici-kacici da ke cewa gidan na mata ne "takwas da biyu sau shida". In ka ninka biyu da shida ka ƙara takwas, ka sami 20, yawan matan da gidan ke ɗauka. In kuwa ka haɗa takwas da biyu ka ninka da shida, ka sami 60, shekarun da mace za ta kai kafin a karɓe ta.

Sai dai kada a ɗauka cewa kowa aka buɗe wa ƙofa. Masu wakafi sun raba talakawa kashi biyu, waɗanda suka cancanta da waɗanda ba su cancanta ba, kuma gidan sadaka na kashin farko ne: ɗan gari, mai zuwa coci, wanda ba a san shi da maye ko bara ba, wanda kuma yake da wani babba da zai tsaya masa. Akan kori mutum saboda faɗa, ko kwana a waje ba izini, ko yin aure. Wasu gidajen ma sayen gurbi ake yi, mutum ya miƙa abin da ya tara a lokacin ƙarfinsa, a riƙe shi har mutuwa, wanda ke nufin mai ɗan abin hannu ya sha gaban wanda ba shi da ko anini. Wanda ya fi kowa buƙata, wato baƙo ko mashayi ko mai taɓin hankali, shi ne wanda aka fi bari a waje.

Da hukuma ta karɓi ragama

Tsakanin 1536 da 1547 Sarki Henry na Takwas da magajinsa suka rushe gidajen masu zuhudu na Ingila, suka ƙwace wakafin da aka tsayar don yi wa matattu addu'a, kuma gidajen sadaka da yawa suka bi ruwa tare da su. Da mabarata suka cika tituna, dokar talakawa ta 1601 ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin karɓar haraji daga masu gidaje don riƙe gajiyayyunta. Attajirai ba su daina gini ba, domin a 1611 Thomas Sutton ya kafa Charterhouse a Landan don tsofaffi maza 80 da ɗalibai 40, amma daga nan taimakon talaka ya zama kuɗin da mai biyan haraji ke ƙirgawa yana tsaki.

Wannan tsaki ne ya haifi sabuwar dokar 1834, wadda ta ginu a kan ƙa'ida guda: dole rayuwar wanda hukuma ke ciyarwa ta fi ta mafi ƙasƙancin lebura muni, don kada kowa ya yi sha'awarta. Aka gina manyan gidajen aikin dole a duk faɗin ƙasar. Wanda ya shiga a karɓe tufafinsa a ba shi na gidan, a raba miji da mata ko da sun shekara 50 tare, a raba uwa da ɗa, a sa masu ƙarfi fasa dutse ko warware tsohuwar igiyar jirgi. A 1845 aka bankaɗo cewa a gidan Andover yunwa ta sa mazan da aka ba aikin daka ƙashi don yin taki suna faɗa a kan ɓargo da ruɓaɓɓen naman da ya maƙale a jikin ƙasusuwan. A 1847 majalisa ta yarda ma'auratan da suka haura 60 su zauna ɗaki ɗaya, amma gundumomi kaɗan ne suka tanadi ɗakunan. Abin da ya fi firgita tsofaffi ma bai tsaya a rayuwa ba, domin dokar 1832 ta halatta a miƙa gawar da ba wanda ya zo karɓa ga makarantun likitanci su feɗe. An tsara gidajen ne don tsorata ƙarfafan da ake zargi da lalaci, amma kafin ƙarshen ƙarnin mafi yawan waɗanda ke ciki tsofaffi ne da marasa lafiya da yara, wato waɗanda tsoratarwar ba za ta iya mayar da su bakin aiki ba.

Amurka ta kwaikwayi tsarin. Dokar jihar New York ta 1824 ta umarci gundumomi su gina gidan gajiyayyu, akasari a gona a bayan gari. Wasu manyan asibitocin ƙasar daga nan suka tsiro, kamar Bellevue, wanda ya fara a 1736 a matsayin ɗakin jinya mai gado shida a cikin gidan gajiyayyun birnin. Tsoron faɗawa irin waɗannan wurare ne ya sa coci-coci da ƙungiyoyin mata da na 'yan ci-rani suka riƙa gina wa nasu tsofaffin gidaje na daban. A Faransa kuwa, a lokacin sanyin 1839, wata baranya mai suna Jeanne Jugan ta goyo wata makauniyar tsohuwa da ta tsinta a yashe, ta haura da ita ɗakinta, ta ba ta gadonta, ita kuma ta koma kwana a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Daga nan ƙungiyar mata masu zuhudu da ke kula da tsofaffi matalauta a ƙasashe da dama ta samo asali.

Abin da fansho ya gyara da abin da ya bari

Abin da ya karya lagon gidan gajiyayyu kuɗi ne a hannun tsoho. Jamus ta kafa inshorar tsufa a 1889 a zamanin shugaban gwamnati Bismarck, Denmark ta biyo baya a 1891, New Zealand a 1898. A Birtaniya, bayan binciken Charles Booth ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka haura 65 suna dogaro ne da taimakon gunduma, dokar 1908 ta ba wanda ya kai 70 sule biyar a mako, a karɓa a gidan waya, daga Janairun 1909. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun isa su sa tsohuwa ta zama mai kawo wani abu a gidan 'yarta, maimakon ƙarin baki a tukunya.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Yawan tsofaffin da ke karɓar taimakon gunduma a gidajensu ya faɗi warwas, amma yawan waɗanda ke kwance a gidajen aikin dole bai ragu sosai ba, domin su ba kuɗin haya ne matsalarsu ba, mai ɗaga su ne da mai yi musu wanka. Amurka ta ci karo da wannan darasi ta hanya mafi tsada. Dokar jin daɗin jama'a ta 1935 ta hana biyan tallafin tsufa ga duk wanda ke zaune a gidan hukuma, da nufin a kashe gidajen gajiyayyu. Gidajen sun mutu, amma tsofaffin da ba su iya riƙe kansu suka koma gidajen kwana masu zaman kansu suna biya da tallafin, kuma da shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin lafiyar tsofaffi da talakawa, wato Medicare da Medicaid, suka zo a 1965, waɗannan gidajen suka rikiɗe suka zama babbar masana'antar gidajen jinya. A Birtaniya an soke gidan aikin dole a takarda a 1930, aka binne dokar talakawa gaba ɗaya a 1948, amma gine-ginen da yawa sun ci gaba a matsayin ɓangaren tsofaffi na asibiti, kuma an sha samun dattawan da suka gwammace su mutu a gida da a kai su ginin da suka san abin da yake a da.

Inda kuɗin ke fitowa da inda yake zurarewa

Daɗewar gidan sadaka ba ta dogara da kyawun zuciyar wanda ya kafa shi kaɗai ba, ta dogara ne da irin kadarar da ya bari. Wanda ya yi wasiyyar a riƙa ba kowane tsoho kwabo kaza a mako, hauhawar farashi ta cinye sadakarsa cikin 'yan ƙarnuka. Wanda ya bar ƙasa kuwa, musamman a bakin garin da ke bunƙasa, wakafinsa ya ninka abin da ya yi mafarki. Robert Randall ya bar gonarsa a Manhattan ta New York a wasiyyarsa ta 1801 don tsofaffin matuƙan jirgin ruwa. Amintattu suka ga birni na tunkaro gonar, suka ba da filin haya, suka gina gidan a tsibirin Staten inda aka buɗe shi a 1833, kuma ya zama ɗaya daga cikin gidauniyoyi mafi arziki a ƙasar. Fuggerei dazuzzukan katako ne ke riƙe da shi, sai kuɗin masu yawon buɗe ido, kuma da kuɗin wakafin aka sake gina shi bayan ruwan bama-baman Fabrairun 1944. Akwai kuma hanyar da ba ta jiran attajiri: a 1898 masu haƙar kwal na Durham a arewacin Ingila suka kafa ƙungiyar da ke tara ɗan abin da kowa ya cire daga albashinsa don gina wa tsofaffinsu gidaje, domin a lokacin gidan ma'aikaci na kamfani ne, ranar da ƙarfinsa ya ƙare ranar zai kwashe kayansa.

Amma dukiyar da mai ita ya mutu, masu cin moriyarta kuma ba su da baki, ajiyar nama ce a hannun kura in babu mai sa ido. A St Cross ɗin nan, babban limamin Winchester ya naɗa ɗansa Francis North shugaban gidan a 1808, kuma ya shafe shekaru fiye da 40 yana zuba kuɗin sabunta hayar filayen gidan a aljihunsa, tsofaffin kuma suna karɓar abin da aka yanka musu tun zamanin da, har sai da magana ta kai kotu ya sauka a 1855. Irin waɗannan badaƙaloli ne suka sa aka kafa hukumar sa ido kan gidauniyoyin sadaka a 1853. Wakafi a ƙasashen Musulmi ya sha irin wannan daga hannun naziran da ke kula da shi, sa'annan ya sha wata daga hannun gwamnatoci, tun daga Faransawan da suka ƙwace na Aljeriya bayan 1830 har zuwa gwamnatocin bayan 'yanci da suka mayar da shi ƙarƙashin ma'aikatu, inda sharaɗin mai wakafi kan narke a cikin kasafin kuɗin ƙasa.

Masu yabo da masu suka a yau

A Birtaniya akwai gidauniyoyin gidajen sadaka fiye da 1,600 da ke ba mutum kimanin 36,000 matsuguni. Masu yabon tsarin suna kafa hujja da abin da ya fi kuɗi wuyar samu, wato maƙwabtaka. Tsarin ɗakuna kewaye da tsakar gida yana sa in labulen wani bai ɗaga ba har hantsi, za a sami mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wani bincike da makarantar kasuwanci ta Bayes ta Landan ta fitar a 2023 ya gano cewa mazauna wasu daga cikin gidajen suna yin tsawon rai fiye da takwarorinsu masu irin ƙarfinsu da ke zaune a waje. A Appleby Blue wannan tunani aka bi, sai dai an juya tsohon fasalin ganuwa: an faɗaɗa barandun aka jera benci da tukwanen shuka don su zama wurin hira, aka kuma sa babban zaure da ɗakin girki na bai-ɗaya suna kallon titi, domin mutanen unguwa su shigo.

Masu suka ma suna da abin faɗa, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi a wuri biyu. Na ɗaya, yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama za su tashi daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin ɗari na su za su kasance a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, inda da yawa ba su da fansho, 'ya'yansu kuma sun tafi birni ko ƙetare neman abinci. Gida mai ɗaukar mutum 13 ko 150 ba zai tare wannan ambaliya ba, kuma samunsa a gari ya danganta ne da ko an taɓa yin wani attajiri mai tsoron lahira a wurin. Na biyu, haƙƙi. A dokar Ingila mazaunin gidan sadaka ba ɗan haya ba ne, mai cin alheri ne. Abin da yake biya duk mako gudummawar gyaran gida ake kiransa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1998, ta sake tabbatarwa a 2016, cewa ba shi da kariyar da doka ta ba ɗan haya in amintattu suka yanke shawarar sallamarsa. Amintattun suna cewa in aka ba mazauni haƙƙin ɗan haya, ɗakin zai iya zarcewa ga wanda ba mabuƙaci ba, niyyar mai wakafi ta lalace. Ga tsohon da ke tunanin shiga kuwa, abin da wannan ke nufi shi ne ya karanta takardar naɗinsa da kyau kafin ya saki ɗakin da yake haya, ya kuma tambayi abin da zai faru ranar da ƙafa ta daina ɗaukarsa, domin mafi yawan gidajen sun sharɗanta cewa mazauni ya iya riƙe kansa, kuma wanda ya kasa, gidan jinya ake mayar da shi.